Abin da Ke Cikin Jakar Ladi

Hannuna yana cikin jakar Talatu lokacin da ta gaya mini Ladi ta rasu. Yammacin Litinin ne, an tashi daga aiki, mata sun yi layi a gaban teburina a bakin ƙofar kamfani, ina lalube jakunkunansu ɗaya bayan ɗaya kafin su fita, kamar yadda nake yi kullum. Talatu a sashen naɗe alewa take, kuma unguwarsu ɗaya da Ladi, Anguwan Rukuba. Ta ajiye jakarta, ta bari sai da na sa hannu, sannan ta sunkuyo ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Maman Maryam, kin ji Ladi ta tafi? Ranar Asabar da hantsi. A ruwa aka same ta, wurin wanki."

Yatsuna suna kan makullin ɗakinta da kwanon da ta ci abincin rana, na ci gaba da taɓa su kamar ban san mene ne ba. Da na zare hannu sai na ce ta wuce, na kira ta bayanta. Na gama layin nan duka, na goge tebur, na mayar da kujera ɗakin masu gadi, sannan na zaga bayan famfo na zauna a ƙasa. Abin da na yi ke nan a ranar.

Nura, kai ne ka sa na ɗauki biro a kan wannan magana. Ranar sunan ɗanka ina daga ɗaki na ji ka a tsakar gida kana ba abokanka labari, cewa uwarka ta taɓa tsaya wa wata ƙawarta Kirista a wurin aiki, ta ɓoye mata magani, har ta ajiye aikinta don ba za ta iya kallon zalunci ba. Na ji suna sa mini albarka. Haka ake faɗa a Nasarawa Gwom shekara da shekaru, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. Babanku ne kaɗai ya san yadda abin ya kasance, shi kuma ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Idan na bi shi ban faɗa ba, abin da ba haka ba za ku riƙa gaya wa 'ya'yanku.

Ƙaramin kamfanin alewa ne. Ba sai na ambaci sunansa ba, an rufe shi tuni, wurin ma siminti ake ajiyewa yanzu. Da shara na fara, daga baya aka ba ni bakin ƙofa, saboda mata sun ƙi yarda maigadi namiji ya riƙa sa musu hannu a jaka, ni kuma an ga ba ni da yawan magana. Maza suna da layinsu ta ɗaya gefen, mata suna da nawa. Yadda na tarar ana yi shi ne, mace ta ajiye jaka a tebur ta buɗe bakinta, ni in sa hannu in lalube ba tare da na leƙa ba. Alewa da sukari da garin madara nake nema, su kuwa hannu ya san su ko a me aka naɗe. Amma hannu yana sanin wasu abubuwan ma. Na san wadda take al'ada, na san wadda ta daina ɗauko ƙyalle wata uku a jere kafin ta gaya wa kowa. Na san mai laya a jaka alhali ba ta fashin coci, da mai shan maganin hana haihuwa mijinta bai sani ba, da wadda ta zo da zani kala biyu don ba gidanta za ta koma ba. Ba wadda ta taɓa jin maganarta a bakin wani. Ba wanda ya kafa mini wannan doka, ni na ɗora wa kaina, kuma ina jin daɗin yadda matan suka yarda da ni. Har wasa muke yi. Wata takan ce in na ci karo da kuɗi in sanar da ita, don tun safe take nemansu. Ladi kuwa ba ta taɓa wucewa ba ta tsokane ni ba. Da ta dire jaka sai ta ce in yi a hankali, mijin wata yana barci a ciki.

Kun san ta, Anti Ladi, doguwa mai wushirya, wadda ke kawo muku shinkafa da kaza ranar Kirsimeti a kwano mai fure, ni kuma in kai mata naman layya. Kakana da kakanta duk aikin kuza suka yi, takan ce tun a rami ɗaya muka zama 'yan uwa. A kan injin naɗe alewa take aiki, kuma ba a taɓa samun mai saurin hannunta ba. Mijinta direban tifa ne, ba ya zama, ita kuma a gidan iyayensa take da 'yarsu guda ɗaya, Rahila. Tun farkon zuwana bakin ƙofa nake jin wani abu a ƙasan jakarta: safar jariri guda ɗaya, an ƙulle bakinta, a ciki akwai ƙwayoyin magani a leda. Ban tambaya ba. Sai wata Lahadi da rana ta kawo wa babanku ɗinki, ku kuna Islamiyya, ta shigo madafa muna hira ina tuƙa tuwo. Tana cikin magana ta yi shiru, idonta ya juye, ta faɗi tana karkarwa, kumfa na fita a bakinta. Na sauke tukunya, na ja ta nesa da murhu, na riƙe kanta a cinyata har abin ya sake ta. Da ta dawo hayyacinta ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta tambaya ko wani ya gani. Na ce babu. Sai ta gaya mini farfaɗiya ce, tun tana budurwa, kuma muddin tana shan maganin safe da rana ba ya tashi. A makon nan ne maganin ya yanke a asibiti ta yi kwana uku ba ta sha ba.

"Yaya Kulu, ko mijina bai sani ba. Uwarsa in ta ji, kofina daban za ta ware. A kamfani kuwa ba sai na gaya miki ba."

Ta ce surukarta tana shiga ɗakinta ta buɗe akwati da durowa da sunan gyara, shi ya sa maganin ba ya kwana ko'ina sai a jaka. Safar ta Rahila ce tun tana jinjira. Ta yi dariya ta ce jakar nan ita ce kaɗai ɗakin da take da shi a duniya, ni kuma kaɗai ce mai shiga. Na rantse mata da Allah ba wanda zai ji daga bakina. Zan faɗa muku wannan ma: bayan ta tafi na wanke hannuna da toka har sau uku, duk da ta gaya mini likita ya ce ba a ɗauka ta yawu ko ta kwano. Haka muka taso muna ji, ban fi kowa ba. Amma na riƙe maganar shekara shida. Kullum hannuna ya taɓa safar nan sai in ɗan matsa ta, ita kuma ta gane, ta yi murmushi ta wuce.

Shekarar da abin ya faru, abubuwa uku ne suka haɗu mana. Idon babanku ya yi rauni har ba ya iya zura zare a allura, keken ɗinkinsa aka lulluɓe da tsohon zani a zaure, gidan duka ya koma kan albashina. Na biyu, an sa ranar aurenki, Maryam, bayan babbar Salla. Dangin mijinki mutanen kirki ne amma masu bin diddigi. Kafin su kawo kuɗin gaisuwa sai da suka aika tsofaffi suka zaga unguwa suna tambaya ko a zuriyarmu akwai kuturta, ko hauka, ko farfaɗiya. Kowa ya san ana wannan tambaya, mu ma mun yi a kansu. Ƙanwar uwar mijinki, Uwani, a kamfaninmu take aiki, kullum tana cikin layina. Na uku, aka kawo mana sabon oga. Matashi ne, ba ɗan Jos ba, Hausar kasuwa yake yi, mace da namiji duk kai yake ce musu. An ce garin madara yana ɓacewa buhu-buhu, an kuma ce masa ya gano inda yake bi.

Ranar Alhamis ce, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. An tashi, mata sun yi layi a ƙarƙashin rumfar kwano, sai ga oga da lema. Ba takarda, ba sanarwa. Ya tsaya a gefen teburina ya ce daga yau an daina lalube da hannu, kowace jaka a juye ta a kan tebur a gabansa. Wata dattijuwa ta ce masa akwai abin da namiji ba ya gani a jakar mace, ya ce wadda ba ta so ta ajiye katin aikinta ta tafi. Sai na fara juyewa. Abubuwan da na yi shekaru ina taɓawa ban gani ba, ranar na gan su, kowa ma ya gani. Ƙyallen wata yarinya ya faɗo ƙasa, maza a ɗaya layin suka fashe da dariya, ta ɗauka tana kuka. Layar wata ta fito, ƙawayenta 'yan coci suka kau da kai. Ba a sami ko ƙwayar alewa ɗaya ba. Ina juyewa ina ƙirga layi da ido, saura huɗu a zo kan Ladi, saura uku. Ba ta da inda za ta kai safar, don oga ya sa maigadi ya tsaya a bayan layi yana kallon hannuwa.

Ta ajiye jakar, ba ta yi tsokanar da ta saba ba. Na juye. Matsefi, da kwanon abinci, da ƙaramin littafin waƙoƙin coci, da lema mai karyayyen ƙarfe, sai safar ta gangaro ta tsaya kusa da hannuna na dama. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na sauke gefen hijabina a kanta, na damƙe, na cusa a aljihun rigar aiki. Ina ganin na yi dabara. Ban lura ba cewa oga ya gaji da kallon tebur tun ɗazu, hannuna yake kallo.

"Madam, mene ne ka sa a aljihu?"

Na fito da ita. Ya kwance ƙullin da kansa, ya zazzage. Farare ne ƙanana a ledar asibiti, Ladi ta yage wurin da aka rubuta suna. Ya dube ni, ya dubi Ladi, ya ce ashe ƙwaya muke shigowa da ita muna sayar wa samarin kamfani, ɗaya ta ɗauko ɗaya ta ɓoye. Ya aika aka kira nas ɗin kamfani daga ɗakin shan magani. Matar nan ba muguwa ba ce, ina ganin so ta yi ta wanke mu daga maganar ƙwaya. Ta ɗaga ledar ta duba, ta ce da ƙarfi don ruwan ya yi ƙara a kan kwano:

"A'a oga, ba ƙwaya ba ce. Maganin farfaɗiya ne."

Layin ya ja baya gaba ɗaya, wasu har cikin ruwa. Na ga Uwani ta ja mayafi ta rufe hancinta, idonta a kaina, don daga aljihuna aka ciro abin. Oga ya matso kusa da mu biyu, ya rage murya, ya tambaya na waye, nawa ko nata. Ba wanda ke jin mu sai mu uku. Ladi teburin take kallo. Ina so ku gane cewa na sami lokaci. Ba firgita ce ta fizge maganar daga bakina ba. Na yi tunani. Na san ni ba a kan inji nake ba, idan na ce nawa ne wataƙila su bar ni a bakin ƙofa, wataƙila su mayar da ni shara, Ladi kuma ta koma bakin aikinta gobe. Na kuma san kafin magariba Uwani za ta kai labari gidan surukanki, Maryam, cewa uwar amarya tana da farfaɗiya, kuma ba rantsuwar da za ta goge wannan. Na tuna kayan ɗakinki da muka jera a ƙarƙashin gado. Sai na ce:

"Nata ne."

Gaskiya na faɗa, ba na musun haka. Amma na yi rantsuwa cewa ba za a ji daga bakina ba, kuma daga bakina aka ji. Ladi ta ɗago ta dube ni sau ɗaya. Sannan ta juya wajen layi ta ɗaga murya ta ce nata ne, Yaya Kulu ba ruwanta, taimako kawai ta so yi. Abin da matan suka ji ke nan, shi suka kai gida, shi ne labarin da ya iso gare ka, Nura. Ta kwashe kayanta ta zuba a jaka, ta karɓi ledar maganin daga hannun nas, ta shiga ruwan ba ta buɗe lema ba. Safar ta bari a kan tebur. Da na gama layi na ɗauka na mayar aljihu.

Washegari aka ba ta takardar sallama. An rubuta cewa don lafiyarta ne, kada ta faɗa cikin inji, kuma wurin abinci ne. Shekara tara ta yi a kan injin nan ba ta taɓa ko tuntuɓe ba. Ranar Litinin ta zo ɗaukar takalmin aikinta da kofinta, ba wadda ta matsa kusa da ita. Na bar tebur na bi ta har bakin titi inda ake jiran mota. Na fara magana ta ɗaga mini hannu.

"Yaya Kulu, ban ce ki ɗauki ciwona ba. Kina da 'ya a gaba, ni ma uwa ce. Amma da kin bar safar a kan tebur. Ba ya ma kallonta. Da ya tambaya, da na ce maganin ciwon kai ne, ya wuce."

Ba ta faɗa da fushi ba. Mota ta tsaya, ta shiga. Safar tana aljihuna, hannuna yana kanta, ban fito da ita ba.

Bayan mako biyu wani mutum daga ƙungiyar ma'aikata ya zo gida, ana ce masa Kwamared Bitrus, gajere mai furfura. Ya zauna a zaure da babanku, aka kira ni. Ya ce kamfani yana iya duba kayansa a bakin ƙofa, wannan ba a musu. Amma ba shi da hurumin baje kayan mace a gaban maza, ko kwance maganin mutum, ko shelanta ciwonsa, kuma ba a korar mutum a kan ciwon da bai taɓa hana shi aiki ba ba tare da an ji ta bakin likitansa ba. Ya ce za su iya matsa wa kamfani a mayar da Ladi, ko a ba ta wani aikin da ba na inji ba, amma sai an sami wanda zai shaida yadda aka yi binciken. Sauran mata duk sun ƙi. Ni ce mai teburin, maganata ta fi ta kowa nauyi. Ya rubuto abin da ya faru a takarda, ya karanta mini da Hausa, babu ƙari ko kaɗan. Sa hannu kawai ya rage. Na ce ya bar mini in yi shawara.

Da ya tafi na gaya wa babanku komai, har da abin da na ce wa oga. Ya shafa zanin da aka rufe keken ɗinkinsa da shi, ya ce:

"Kulu, ba zan hana ki ba. Matar nan ta ci abinci a gidan nan, mun ci nata. Amma in kika sa hannu, ki sa kina sane cewa ba za su bar ki a ƙofar nan ba. Ni kuwa kin ga yadda nake."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Kada wani a cikinku ya ɗora masa. Na ninke takardar na sa a ƙarƙashin katifa, na ce bari a gama biki tukuna. Kwamared Bitrus ya dawo, na ce masa bayan Salla. Ya sake dawowa, na sa aka ce masa ba na nan, alhali ina ɗaki ina jin muryarsa. Bai sake zuwa ba.

Abin da ya sami Ladi bayan haka, a bakin Talatu na riƙa ji kaɗan-kaɗan, a bakin tebur. Labari ya riga ta isa gida. Surukarta ta ware mata kofi da kwano kamar yadda ta faɗa, ta hana Rahila kwana a ɗakinta. Mijin bai sake ta ba, amma tafiyarsa ta ƙara tsawo. Ta fara soya masa a ƙofar gida, ba mai saya, sai baƙon da bai sani ba. Ta nemi aiki a wani gidan burodi, wani ya gane ta. Daga nan ta koma wankau, tana karɓo kayan ɗalibai da na gwauraye ta kai wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika a bayan gari. Maganin da albashi ke saya ya fi ƙarfinta, ta fara raba ƙwaya biyu, rabi yau rabi gobe. Duk wannan na sani tana raye. Nakan ce ranar Lahadi zan je, Lahadi ta zo in sami dalili. Kada ku ce rikicin da ya raba unguwanni ne ya hana ni. A lokacin ana shiga Anguwan Rukuba lafiya lau, Talatu ma ta ce za ta raka ni. Kunyar idonta nake ji.

Ita ce ta zo. Ranar yinin bikinki, Maryam, gida ya cika, aka ce ana sallama da ni a waje. Na fita na same ta a jikin katangar maƙwabta, ta rame, ta ɗaura zaninta na zuwa coci, tana rungume da sabuwar tukunya a leda. Na ce ta shigo. Ta ce a'a, ta hango Uwani a ciki, in ta shiga ba wanda zai ci abincin bikin 'yarta. Haka ta ce, 'yarta. Ta miƙo tukunyar ta ce a gaya wa amarya kada ta ƙona tuwon farko, mijin zai yi zaton gado ta yi wajen uwarta. Ta yi dariya, wushiryarta ta fito. Na ce ta tsaya in zubo mata abinci. Da na dawo da kwano ta tafi. Ban matsa mata ta shigo ba, kuma a zuciyata na ji sauƙi da ta ƙi. Tukunyar nan mai murfi ja da kika ce ta fi duk tukwanenki riƙe zafi, ita ce. Na ce miki ƙawayen aiki ne suka haɗa.

Juye jaka bai kai wata huɗu ba aka daina. An gano madarar ta ƙofar baya take fita a motar kaya, da sanin mai riƙe da sito. Aka canza wa oga wurin aiki, muka koma lalube da hannu kamar ba a yi komai ba. Ba wanda ya ba matan haƙuri, ba wanda ya aika a kira Ladi. Matan ma sun daina yi mini wasa. Jakunkunansu suka zama babu komai sai kwano da makulli, abin da ya rage a jikinsu suke ɗaurewa.

Na je gaisuwa kwana biyu bayan Talatu ta gaya mini. An riga an binne ta. Waɗanda suka gani sun ce tana sunkuye tana ɗauraya abin ya tashi, ta kifa cikin ruwan da bai kai gwiwa ba. Akwai mata biyu a kusa, suka tsaya suna ihu, ba wadda ta yarda ta taɓa ta. Na zauna a tabarma cikin matan cocinsu suna waƙa a hankali. Rahila tana da shekara goma sha huɗu a lokacin. Ta kawo mini ruwa, ta durƙusa a gabana, ta ce:

"Mama Kulu, Mama ta ce duk Jos ke kaɗai ce kika san ciwonta kika ci gaba da cin abinci da ita. Ta ce in ba ta nan in riƙe ki."

Na sha ruwan. Na ce Allah Ya ba mu haƙuri. Safar tana ƙulle a bakin zanina, don da niyyar ba ta na fito daga gida, in kuma gaya mata. Na koma da ita.

Ban ajiye aiki ba, Nura. Na ƙara shekara uku a bakin ƙofar nan, sai da aka rage ma'aikata aka haɗa da ni. A shekarun nan uku ina sa hannu a jakar mutane kullum da yamma, da kuɗin kuka gama makaranta. Yanzu ku masu karatu kuna cewa jakar ma'aikaci da ciwonsa sirrinsa ne, akwai iyakar da mai kamfani ba zai wuce ba. Ni ban san dokar ba a lokacin, amma na san iyakar, don shekaru na yi ina tsaye a kanta. Maryam, kada ki ɗauki wannan a kanki, ba ki san komai ba, kuma aurenki ya yi albarka, ina gode wa Allah. Ban sani ba ko sa hannuna zai mayar da ita aiki. Wataƙila da an kore mu mu biyu. Abin da na sani shi ne ban gwada ba.

Rahila ta yi aure, tana da shagon kayan miya a Gada Biyu. Duk Salla sai ta kira ni a waya ta ce Mama Kulu ina namanta, 'yarta ta fari ma sunana ta sa mata. Daga nan zuwa shagonta Keke Napep ɗaya ne. Takardar Kwamared Bitrus da safar suna cikin akwatina na ƙarfe, a ƙarƙashin zannuwan da na ware. Ku dai na gaya muku yanzu. Rahila kuwa har yau ban gaya mata ba, kuma ban kai mata safar ba.